Amfilifaya Mai Kilo Talatin da Uku

Duk wanda ya san kasuwar Mubi ya san Hamma Kadiri mai wake. Abdulƙadiri aka raɗa masa, amma ko a katin zaɓe sai ya yi tunani kafin ya amsa wannan sunan. Shekara ashirin ya yi yana tsaye gaban sikeli a layin 'yan hatsi, har ya gama yarda cewa babu abin da ba a gane kyansa da nauyi. In kankana ce ya ɗaga, in takalmi ne ya ɗaga, in littafi ne ya ɗaga. An taɓa miƙa masa jariri ya sa albarka, ya jinjina shi sau biyu ya ce, "Wannan zai yi karatu."

Ya kusa arba'in bai yi aure ba. In an taɓo zancen sai ya gyara hula ya ce mata goma sha ɗaya ne suka nemi ya aure su ya ƙi. "Ni ban taɓa bin mace ba. Ban ma san yadda ake yi ba."

Amma duk unguwar Lamorde mun san inda ƙafarsa ke kai shi kowace Juma'a bayan an sauko masallaci: ƙofar Adda Hansai tela, da mudun wake a leda, wai ragowa ne ya rasa yadda zai yi da shi.

Adda Hansai ta yi aure a Fatakwal, mijin ya rasu, ta dawo gida da keken ɗinkinta. Shekarar da gari ya watse aka gudu, ta bi daji a ƙafa har Kamaru, ba ta ɗauki komai ba sai kaset ɗaya ƙulle a bakin zane. Wasiƙa ce ta murya. A da in 'ya ta yi aure nesa, uwar da ba ta rubutu sai ta zauna gaban rediyo ta faɗi abin da ke ranta, a ba direba ya kai. Dada, mahaifiyar Hansai, ta yi nata a Kwaja shekara goma sha uku baya, ba ta daɗe ba ta rasu. Da aka dawo gari Hansai ta tarar babu rediyonta, kaset ɗin ya zauna a ƙasan akwati shiru.

Wata Juma'a a farkon damina Hamma Kadiri ya ajiye wake ya ce, "Hansai, kin ji na sayo sifiku? Guda biyu. Kowace ta kai kafaɗata. Ƙarti huɗu suka shigar da su falo."

"Me suke cewa?" Ba ta ɗago daga ɗinki ba.

"Ba su fara magana ba tukuna, amfilifaya suke jira. Ita ce zuciyar kayan sauti, ita ke tura wa sifika ƙarfi. Ke ba za ki gane ba. Ni na yi wata uku a Legas kusa da gidan da ake ɗaukar waƙa. In na haɗa kayan nan, wanda ya yi tari a kaset sai kin miƙa masa ruwa."

Ƙafarta ta tsaya a kan keken.

"Ina da kaset," ta ce. "Muryar Dada ce. Ranar da na ji ta sarai a gidanka, ranar zan ba ka amsar tambayar da kake zuwa da wake kana kasa yi."

Hamma Kadiri ya ɗauki waken da ya kawo ya sake ajiyewa.

"Amma ka ji da kyau. Shi kaɗai ne a duniya, babu na biyu. Kuma daga ni sai kai sai aminiyata Salome. Ba na son taro."

"Taro? Ni da ba na son hayaniya?"

Washegari ya nufi shagon Tizhe mai gyaran rediyo a bakin tasha. Tizhe mutum ne mai haƙuri, irin wanda zai yini yana neman waya ɗaya da ta tsinke bai yi tsaki ba.

"Iri biyu ne, Hamma," in ji shi. "Akwai mai kwalba, tsohon yayi, yana haske kamar fitila. Sautinsa laushi, amma da wutan garin nan ba zai yi wata ɗaya ba. Akwai kuma mai tiransisto, babu kwalba ko ɗaya, shi ba ya shagwaɓa."

"Mai tiransisto. Ni ba na harka da abin da ke fashewa."

"To madalla. Sifikun naka, ka duba bayansu? Akwai lamba, om huɗu ko om takwas. Dole amfilifaya ya dace da shi."

"Kilo arba'in-arba'in ne."

"Ba shi na tambaya ba. Falon fa, taku nawa ne?"

"Falo na manya."

Tizhe ya ajiye sukudireba. "Hamma, muryan tsohuwa za ka ji, ba gangan biki ba. Murya ba ya son ƙarfi, tsabta yake so. Mai ƙarfin wat hamsin, in mai kyau ne, ya ishe ka har ya yi saura. Ka ɗauki sifika ɗaya ka kai shago, a jona, ka zauna ka saurara da kunnenka. Wanda ka ji numfashin mai magana a ciki, shi ne naka."

"Hamsin! A gaban Hansai zan kunna hamsin? To kai in ka ga mai kyau daga nesa, da me kake gane shi?"

"Daga nesa ba a ganewa. Sai dai mai kyau yakan yi ɗan nauyi, saboda tiransifoma da ƙarfen da ke shanye zafi, amma wannan ba…"

Hamma Kadiri ya riga ya miƙe tsaye, fuskarsa tana walƙiya.

"Ka gama magana, Tizhe. Tun ɗazu kana ta zagaye, ashe sana'ata ce."

Ranar Litinin aka ga abin da ba a taɓa gani ba a layin masu kayan lantarki. Hamma Kadiri ya kafa sikelinsa mai ƙafa uku a tsakiyar hanya, ya rataya buhu a ƙugiya, ya ce duk mai amfilifaya ya fito da ita. Masu shaguna suka ɗauka wasa ne, sai da suka ga yana zura ta farko a buhu.

"Kilo shida. Mai da ita wurin uwarta ta ƙara girma."

"Kilo huɗu da rabi. Wannan ai kaza ce."

"Hamma, wannan ɗan Japan ne fa!"

"To a Japan ɗin ba a ba shi abinci?"

Mutane suka taru har masu keke suka fara zagi. Murtala, wanda ya fi kowa kaya a layin, ya fito da wata baƙa mai tsabta, ya jona ta da sifika, ya sa karatu a hankali. Sautin ya fito kamar mai karatun yana zaune a kan benci tare da mu, har wata mata mai tallan gyaɗa ta gyara mayafi. Hamma Kadiri ya toshe kunnuwansa da yatsu.

"Kashe! Kada ka ruɗe ni. Kunne ana yaudararsa, sikeli ba a yaudararsa. Sa ta a buhu."

Kilo tara.

"Allah ya ba da kasuwa," in ji Hamma Kadiri.

Murtala ya dube shi, ya dubi jama'ar da ke dariya a ƙofar shagonsa, sannan ya dubi wani ƙaton akwatin amfilifaya da ya ƙone tun bara, wanda yake zama a kai in zai ci abinci.

"Hamma, yanzu na gane da masani nake magana. Akwai wata tana hanya daga Garwa. Ba na nuna wa kowa ita. Ka dawo jibi."

Da yamma aka ga Murtala ya gangara bakin mayo, wato rafin gari, da shebur da baro. Aka ɗauka gini yake yi.

Ranar Laraba mutum biyu suka cicciɓo ta, an goge ta da mai tana ƙyalli. Da aka rataya ta, ƙafafun sikeli suka yi ƙara, allura ta zagaya ta tsaya a talatin da uku. Hamma Kadiri ya cire hula.

"Wat nawa?"

"Ɗari a kowane kilo."

"Haka lissafin yake," in ji Hamma Kadiri, kamar shi ya ƙirƙiro shi.

"Abu ɗaya dai, kada a buɗe ta. Iska na shiga, wat ɗin zai tsere."

"Ni za ka koya wa?"

A lokacin akwai shingen 'yan sintiri a hanyar Lamorde, kowa sai ya sauka daga keke ya wuce a ƙafa, hannu a sama. Shugabansu Ɗahiru ya leƙa keken hayar da Hamma Kadiri ya ɗauko, ya ga ya karkace gefe ɗaya, ya ja da baya taku uku.

"Na wane ne wannan akwatin?"

"Nawa ne. Wat dubu uku da ɗari uku ne a ciki."

Ɗahiru ya ƙara taku biyu. "Buɗe."

"Ba a buɗewa. In aka buɗe, abin da ke ciki zai fita gaba ɗaya."

Kafin ya rufe baki mai keke ya sauke kayan ya juya da gudu. Ɗahiru ya nuna wani fili can bayan masara. "Ɗauki abinka da kanka. Ka je can ka tsaya da shi rabin awa. In bai yi komai ba ka wuce, in ya yi kuma mun yafe maka."

"A kaina?"

"A kanka. Hannu a sama."

"To ai dole su kasance a sama, da me zan riƙe?"

Haka ya tsaya a tsakiyar fili cikin rana da kilo talatin da uku a ka, masu wucewa suna yi masa sannu daga nesa. Babu mai keken da ya yarda ya ɗauke shi bayan nan, a ƙafa ya ƙarasa gida. Kwana biyu in zai waiwaya sai ya juya da duk jikinsa. Ya ce wa masu tambaya, "Kayan ƙwarai ke nan. Na banza ba ya taɓa wuya."

Tebur ya fara ɗora ta, tebur ya durƙusa. Ya ɗora ta a kanta, kanta ta fito daga bango da rabin bulo. A ƙarshe ya leƙa ta katanga ya ari turmin Salome, maƙwabciyarsa kuma aminiyar Hansai, ya kife shi a tsakiyar falo ya ɗora ta a kai kamar amarya.

Ya jona rediyo don gwaji. Sifikun nan masu tsayin mutum suka fitar da wata 'yar murya siririya, kamar mai labarai ya faɗa cikin gwangwani, da wani gurnani a ƙarƙashi.

"Gyaran murya take yi," in ji shi. "Ta sha hanya."

Da safe, saboda sabo, ya rataya ta a sikeli. Talatin da biyu. Ya goge ido ya sake. Talatin da biyu. Washegari talatin da ɗaya. Ya fito tsakar gida ya buga katanga.

"Salome! Jiya da na kunna, kin saurara?"

"Na ji wani abu kamar sauro a cikin kwalba."

"To wat ɗari kika sha ke nan!"

"Ni? Da wane baki?"

"Da kunne! Kowa ya kafa kunne ya ɗiba, me zai rage wa Hansai? In za ki wuce ta jikin katangata ki riƙa ɗaura ɗankwali sosai."

"Ka dawo min da turmina in daka yaji, sai ka ji sautin gaske."

Daga ranar ya daina kunnawa, don tanadi. Ya toshe tagogi da buhunan wake, ya hana mai ruwa shiga gidan sai da auduga a kunne. Duk da haka nauyi bai daina sauka ba. Ranar da ta kai ashirin da tara bai fita kasuwa ba, ya zauna gabanta ya yi tagumi.

A rana ta shida wasu 'yan korayen ganye suka leƙo ta ramukan shan iska. Ya aske su da almakashi, suka dawo da 'yan'uwansu. Akuyar Salome ta gano wurin, kullum sai ta shigo falo ta ɗora ƙafafun gaba a kan turmi ta yi kalaci.

Sai aka yi ruwa mai ƙarfi, kwanon falo ya yi yoyo daidai kanta. Da gari ya waye ya auna: talatin da uku cif. Ya yi kabbara har Salome ta leƙo.

Tizhe ya zo da hantsi ya kawo masa aron dek, wato abin da ake sa kaset a ciki. Ya tarar da Hamma Kadiri a durƙushe da buta yana tsiyaya ruwa ta ramukan, a hankali, kamar mai ba maras lafiya kunu.

"Hamma! Me kake yi?"

"Caji."

"Ruwa? A cikin kayan wuta?"

"Mota ba ta shan ruwa? Ko kai ka fi masu ƙera mota?"

Tizhe ya sunkuya ya tsinko ganye ɗaya ya murza. "Amfilifayanka yana tsiro."

"Sabuwa ce. Da tsohuwa ce ai da ba ta tsira ba."

"Don Allah bari na kwance ƙusa huɗu kawai na leƙa."

"Ka leƙa wat ɗina ya gudu? Tizhe, hassada ba ta yi maka kyau ba. Ajiye dek ka tafi. Asabar bayan la'asar ka zo ka koyi aiki."

Asabar bayan la'asar Adda Hansai ta iso da shuɗin mayafinta, Salome na biye. Tun daga kan kwana ta ga benci jere a ƙofar gida. Cikin gidan ya cika maƙil, wasu a kan katanga, wasu a reshen mangwaro. Mai shayi ya kafa teburinsa. An fito da sifikun tsakar gida, amfilifaya na tsakiya a kan turmi, an yi mata sabon aski.

"Na ce mu uku," in ji Hansai.

"Wallahi ban gayyaci kowa ba. Sanarwa kawai na sa aka yi, don kada a zo a dame mu."

Ta juya za ta tafi. Salome ta riƙo hannunta. "Shekara biyu ba ki ji muryarta ba. Ki ji, sannan mu ci mutuncinsa tare."

Hansai ta kwance bakin zane ta fito da kaset ɗin. Fari ne da ya koma ruwan ƙasa, an rubuta sunanta da jan biro. Ta miƙa, amma ba ta saki nan da nan ba.

"Shi kaɗai ne, Hamma Kadiri."

"Yau hannun masana ya shigo." Ya juya ga jama'a. "Da safe na ba ta buta biyu. Yanzu kilo talatin da biyar take. Mai ciwon zuciya ya koma baya."

Tizhe ya koma baya, har ya kai bakin ƙofa.

Aka ta da janareto. Hamma Kadiri ya sa kaset ya danna. Aka ji shuuu, sannan can ƙasa, kamar daga cikin rijiya: "Salamu alaikum, Hansai 'yata, Dada ce…"

Hansai ta dafe ƙirji.

"Ba ma ji!" in ji wani daga kan mangwaro.

"Yanzu za ka ji har kakanka ya ji!" Hamma Kadiri ya kama maɓallin ƙara ya murɗa shi har ƙarshe.

Amfilifaya ta fara tafasa. Tururi ya taso ta ramuka, gida ya ɗauki ƙamshin fadama. Sifiku suka yi wani nishi mai tsawo. Sai ji kake dum!

Mutanen Mubi na wannan lokacin ba sa tambayar mene ne sai sun yi nisa. Kafin hayaƙi ya kai tsayin katanga babu kowa. Na kan mangwaro suka zubo kamar an girgiza. Mai shayi ya fita da butarsa tana tafasa bai zubar da ko ɗigo ba. Wani tsoho da aka shigo da shi a riƙe, shi ya riga kowa kaiwa bakin titi. Salome ta tsallake katanga ta dira a gidanta, ta fito ta ɗaya ƙofar da ƙunshin kaya a ka.

Mutum biyu ne ba su gudu ba. Hansai tana tsaye inda take. Hamma Kadiri kuwa cikin hayaƙin ya faɗa, yana ihu, "Kaset! Kaset!" Ya ɓalle murfin dek da hannu, ya fizgo kaset ɗin, ya ruga da shi don ya tserar. Bai lura zaren ya maƙale a ciki ba. Ya zagaya mangwaro, ya bi ta ƙarƙashin igiyar shanya, ya tsallake benci, zare na warwarewa a bayansa, har ya iso gaban Hansai yana haki ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ga shi. Ko ƙwarzane bai yi ba."

Ta dubi kaset ɗin. Ta bi zaren da ido, daga hannunsa zuwa benci, zuwa igiya, zuwa mangwaro, har bakin dek inda ya cukurkuɗe ya tsinke. Ta durƙusa ta fara tattarawa a kan cinyarta.

'Yan sintiri suka shigo da gudu, Ɗahiru a gaba. Ya ga akwatin, ya ga mai shi.

"Kai ne na rannan! Yau kam sai an buɗe."

Jama'a suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, kowa na cewa shi dama ruwa ya je sha. Tizhe ya kashe janareto, ya kwance ƙusa huɗu, ya ɗaga murfi. Laka ce cike har baki, da dafaffiyar ciyawa, da rabin bulo biyu. A wani lungu, cikin leda, ga wani ɗan allon rediyon mota da bai fi tafin hannu ba, ya ƙone ƙurmus. Wani kwaɗo ya fito daga gefe, ya dubi taron, ya yi tsalle ya nufi magudana.

"Ga wat ɗaya can ya tsere," in ji Salome.

"Ƙasar Jamus ce," in ji Hamma Kadiri. "Da ita suke rufe sauti. Ku ba ku fita waje ba."

Wani manomi daga Gude ya dangwala yatsa ya ɗanɗana. "Wannan lakan mayo ne, ta bayan gada. Tana kyau da dankali."

Dariya ta ɓarke, har Ɗahiru ya jingina da katanga. Amma ta mutu da kanta, don kowa ya ga Hansai a durƙushe da tulin zare a cinya.

Hamma Kadiri ya zauna a ƙasa gabanta, a cikin lakar, da babbar rigarsa. Ya zura biro a ramin kaset ya fara naɗewa. Yatsunsa biyu sun ƙone. Ita tana warware ƙulli tana sakar masa, shi yana juyawa. Tunda aka san shi ba a taɓa ganin ya yi minti goma bai yi magana ba sai ranar. Da suka iso wurin da ya lalace, Tizhe ya sa reza ya yanke kamar tsawon taƙi ɗaya, ya haɗa bakin biyu da salatif. Sannan ya zaro wani ɗan rediyo mai batir daga jakarsa, wanda bai fi bulo na sabulu biyu ba.

"Mu shiga ciki?" ya tambayi Hansai.

"A'a. Tunda ya tara su, su ji."

Muryar ta fito sarai, har ana jin kukan kaji a bayanta da inda take jan numfashi. Dada ta yi gaisuwa, ta ba da labarin ruwa da gyaɗa da saniyar da ta haihu, tana Hausa tana zamewa Fulatanci tana dawowa. Hansai ta rufe ido, leɓɓanta na bin kowace kalma. Sai Dada ta yi 'yar dariya ta ce:

"Af, yaron nan Kadiri mai wake ya zo bayan tafiyarki da kwana uku. Wai yana Legas yana dako don ya tara abin aure, bai san an ɗaura ba. Ya zauna a gindin tsamiya yana kuka tun hantsi har la'asar, har kaji suka saba da shi suna hawa ƙafarsa. Na dama masa fura, yana sha yana kuka, ya ce a ƙara. Surutu gare shi, ga ƙarya kamar ruwan Agusta. Amma ni dai, Hansai, abin da na gani…"

Ƙit. Wurin salatif ya wuce.

"…ki gaida maigidan. Gyaɗar da na aiko ki shanya ta kafin ki soya."

Tsakar gida ta fashe da dariya.

"Mai mata goma sha ɗaya!"

"Har da ƙarin fura!"

"Wani Kadirin ne," in ji Hamma Kadiri, kansa a ƙasa.

"Mai wake?"

"Mura nake yi a lokacin."

Hansai ta bari kaset ya kai ƙarshe, har inda Dada ta ce wa wani ya zo ya kashe mata abin nan. Ta cire shi, ta ƙulle a bakin zane, ta miƙe ta kakkaɓe mayafi. Jama'a suka buɗa mata hanya. Hamma Kadiri ya bi ta har bakin ƙofa, laka na ɗiga daga rigarsa.

"Kalma tara ka cinye min," ta ce, ba ta juyo ba. "Yanzu babu inda suka rage a duniya sai a kaina."

"Hansai, ki yafe ni. Ni ban san komai a kan amfilifaya ba."

Waɗanda ke kusa suka dubi juna. Ɗahiru ya ce a maimaita, bai ji da kyau ba.

"Na sani," in ji Hansai. "Amma na ji ta sarai, kuma a gidanka ne."

Ya matso kusa da ita. "Me ta ce? A wurin da ya yanke?"

Sai a lokacin ta juyo ta dube shi, tun daga hular da ta karkace har yatsun da suka ƙone.

"Ka turo manyanka ranar Juma'a. In an ɗaura, zan riƙa faɗa maka ɗaya duk shekara."

Ya fara lissafi da yatsu, ya kai kan ƙonannun ya yi tsaki don zafi. "Shekara tara ke nan fa."

"In ka cika ni da surutu, shekarar ba ta shiga lissafi."

Hamma Kadiri ya buɗe baki zai ba da amsa. Duk unguwa muka zuba masa ido. Ya rufe shi da hannu biyu.